Hadari da haɗari: mai keke a titin damana

Ƴan'uwa masu karatu, ku dubi waɗannan kalmomi biyu da kyau: hadari da haɗari. Ƙugiya ɗaya ce ta raba su wajen rubutu. Hadari shi ne wanda ke tasowa daga gabas ya kawo mana ruwa. Haɗari kuwa shi ne wanda ke kai mutum gidan likita. Manomi yana roƙon Allah ya kawo na farko, yana neman tsari daga na biyu. Amma ga mai hawan keke a cikin gari, sau da yawa tare suke zuwa.

Abin da muke son mu gane a wannan shafi shi ne: idan titi ya jiƙe, taya ba ta kama ƙasa sosai, birki kuma ba ya amsawa nan take. Saboda haka duk abin da mai keke ya saba yi da rani, da damana sai ya yi shi da wuri, ya kuma yi shi sannu.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Keke abin hawan talaka ne. Ba ya shan mai, gyaransa ba ya da tsada. Da shi mai lambu ke kawo kayan miya daga Jiratawa zuwa Maraɗi, ko daga Mirya zuwa kasuwar Dole ta Damagaram. Da shi lebura ke tafiya wurin aiki a Yamai, da shi ake aiken yaro kasuwa a Tawa. Mutane da yawa a cikin gari suke kwana, gonarsu tana bayan gari, keke ne ke kai su ya maido su.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Ta ce a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suka rasu sanadin haɗarin hanya a duniya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta ce kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mutuwa a kan hanya. Tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa.

Ko ba a rasa rai ba, akwai hasara. Mutumin da ya faɗi daga keke yakan tare ƙasa da hannu. Shi ya sa wuyan hannu da ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa suka fi karyewa. Ƙashin babban mutum yana ɗaukar mako 6 ko fiye kafin ya haɗe. Gero kuwa wajen wata 3 yake yi daga shuka zuwa girbi. Wanda ya karye a watan Yuli, wa zai yi masa noman fari da maimai? Faɗuwa ɗaya tana iya taɓa abincin gida na shekara guda.

Me ruwa ke yi wa titi?

A ƙasarmu ruwan sama yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma watan Agusta ya fi yawan ruwa. Sauran watanni 8 titi a bushe yake. A cikin wannan dogon lokaci ƙura tana kwantawa bisa kwalta. Motoci da babura suna ɗigar da baƙin mai. Masu sayar da fetur a kwalba da masu juyen mai a bakin hanya su ma suna zubar da nasu. Rana tana gasa wannan duka, ya manne.

Idan ruwan farko ya sauka, man yana tasowa sama, domin mai ba ya nutsewa a ruwa. Sai ya gauraya da ƙura, ya zama wani abu mai santsi kamar miyar kuɓewa. Shi ya sa yayyafi kaɗan ya fi ruwa mai ƙarfi yaudara. Ruwa mai ƙarfi yana wanke titi bayan ɗan lokaci. Yayyafi kuwa jiƙa man kawai yake yi, ya bar shi a wurin. Duk lokacin da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba, farkon saukarsa shi ne lokacin da titi ya fi santsi. Idan ka ga ruwan da ke bisa kwalta yana walƙiya da launi iri-iri kamar bakan gizo, to mai ne, ka kauce masa.

An yi sababbin tituna masu kyau a garuruwanmu lokacin bukin 18 ga Disamba: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Titi mai kyau yana sa mutum ya saki jiki ya ƙara gudu. Amma ruwa bai san sabon titi da tsoho ba, dukansu yana sa su santsi.

Me ruwa ke yi wa birki?

Ku duba ƙafar keke. Akwai zoben ƙarfe wanda taya ke zaune a kansa. Idan an matsa birki, ƴan robobi biyu ne ke kama wannan zobe. Gogayyar roba da ƙarfe ita ce ke tsayar da keke.

Idan zoben ya jiƙe, ruwa yana shiga tsakanin roba da ƙarfe. Ka matsa birki, keke ya ci gaba da tafiya kamar ba ka taɓa komi ba. Sai ƙafar ta juya sau ɗaya ko biyu ko fiye, roba ta share ruwan, sannan birki ya fara kamawa. Juyi ɗaya na ƙafar babban keke ya ɗan wuce mita 2. Ke nan za ka iya cin mita 4 ko 6 kafin birki ya amsa. Manyan kekunan da muka saba ɗaukar kaya da su, masu birkin sanda da zobe mai ƙyalli, su suka fi wannan matsala, domin ƙarfe mai ƙyalli ya fi santsi idan ya jiƙe.

Daga nan sai haɗari na biyu ya biyo. Mai keke ya ji birki bai kama ba, tsoro ya kama shi, ya matse da dukan ƙarfinsa. Da ruwan ya share, sai birki ya kama gaba ɗaya. Ƙafar ta daina juyawa, ta zame. Idan ta baya ce ta zame, mai yiwuwa mutum ya iya gyara zamansa. Idan ta gaba ce, faɗuwa ce nan take.

Dabarar ita ce: tun kana nesa da wurin tsayawa, ka riƙa ɗan taɓa birki a hankali, kana saki, kana sake taɓawa. Wannan yana busar da zoben. Sannan ka matsa birki biyu tare, sannu-sannu, kana ba na baya ƙarfi fiye da yadda ka saba. Ka yi haka kuma duk lokacin da ka fito daga cikin ruwa, ko da ba tsayawa za ka yi ba.

Mu yi ɗan lissafi

Mai keke da ke gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu ya matsa birki, akan yi wajen daƙiƙa 1. Mita 5 sun tafi ke nan. Ka ƙara mitocin da birki ke ci kafin ya share ruwa. Ka ƙara nisan da keke ke yi kafin ya tsaya cik, wanda a jiƙaƙƙen titi yakan ninka na busasshe sau 2, wani lokaci ma fiye. Yaron da ya fito da gudu daga lungu, ko akuyar da ta tsallako, ba za su jira ka ba.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya riƙe. Idan gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau 4. Haka kuma idan aka rage gudu kaɗan, nisan yana raguwa da yawa. Wanda ya sauko daga kilomita 18 zuwa 12 a awa ya rage fiye da rabin nisan da birkinsa ke bukata.

To, me ya rasa? A ce daga gidanka zuwa kasuwa kilomita 3 ne. Da gudun 18, minti 10 za ka yi. Da gudun 12, minti 15. Bambancin minti 5 ne kacal. Ka aza minti 5 a hannu ɗaya, mako 6 na jinyar karaya a ɗaya hannun, ka ga wanda ya fi nauyi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Wuraren da suka fi kayar da mutane

Na 1, kwana da shataletale. Wajen shan kwana keke yana karkata, kuma a lokacin ne taya ta fi bukatar kama ƙasa. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana. Idan ka shiga, ka saki birki, kada ka karkata da yawa.

Na 2, farin fenti da ƙarfe. Zanen da ake yi bisa titi da marufin ƙarfe na ramukan ruwa sun fi kwalta santsi idan sun jiƙe. Kada ka taka birki ko ka sha kwana a kansu. Ka wuce su a miƙe.

Na 3, yashi da laka. Bayan kowane ruwa, malala tana kwaso yashi daga lunguna ta zube shi bisa titi, musamman inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta. Ƙafar gaba tana nutsewa a yashi, kan keke ya murɗe. Wannan haɗari yana nan ko bayan rana ta fito titi ya bushe.

Na 4, leda da shara. Jiƙaƙƙiyar leda da ɓawon mangwaro da ruɓaɓɓen ganye a bakin kasuwa suna zamar da taya.

Na 5, bakin kwalta. Ruwa yana cinye ƙasar da ke gefen titi, sai kwalta ta zama kamar dakali. Wanda mota ta matse ya sauka gefe, idan ya nemi komawa bisa titi a karkace, taya tana gogar bakin ta kayar da shi cikin hanya. Gara ka tsaya, ka duba baya, ka hau da keken a miƙe.

Na 6, ruwan da ya kwanta. Ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba: rami ne, dutse ne, fasasshiyar kwalba ce, ko magudanar ruwa da ba ta da marufi. Titin da ka sani jiya, ruwan dare yana iya haƙa masa sabon rami. Idan ba ka ga ƙasa ba, ka kewaye. Idan babu hanyar kewayewa, ka sauka ka tura. Amma kada ka kauce wa ruwa farat ɗaya ka faɗa gaban mota. Ka waiwaya tukuna, ka miƙa hannu ka nuna inda za ka.

Ruwa mai gudu ba abin wasa ba ne

Wani lokaci titi da kansa ke zama ƙorama. A ranar 30 ga Agusta 2024, ruwa wajen milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. A damanar wannan shekarar, ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin ƙasa. Mutanen Yamai sun san yadda Gunti Yena ke cika ya tumbatsa, na Maraɗi sun san ƙarfin Gulbi.

Ruwa mai gudu da ƙarfi, ko zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Idan ya kai santimita 60 yana tafiya da mota. Keke kuwa ba ya da nauyi, ruwa yana dukan ƙafafunsa daga gefe ya ja shi, ya ja mai shi. Sau da yawa wajen ƙoƙarin ceton keke ko kaya ne mutum ke hallaka. Malalar cikin gari ba ta daɗewa, yawanci tana janyewa bayan ruwa ya ɗauke. Ka jira. Idan ruwa ya fizge keken, ka sake shi.

Kafin ruwa kuma akwai iska. Hadarinmu yakan zo da guguwa da ƙura, ta karya rassa, ta ɗaye kwanon rufi, ta tsinka wayar lantarki. Mutane da yawa suna ƙara gudu don su riga ruwa isa gida, kowa yana sauri, ido cike da ƙura. Wannan lokaci ne mai haɗari ƙwarai. Ka nemi gini mai ƙarfi ka fake. Kada ka fake ƙarƙashin itace saboda tsawa, ko jikin tsohuwar katangar ƙasa da ta sha ruwa. Idan ka ga waya ta faɗo ƙasa ko cikin ruwa, ka yi nesa da ita, ka gargaɗi jama'a.

Ka tabbata ana ganinka

Kai kana ganin mota, amma direba mai yiwuwa ba ya ganinka. Ruwa yana zuba bisa gilashinsa, tururi ya rufe shi daga ciki, madubinsa ya jiƙe. Mai kabu-kabu kuma ya sunkuyar da kai yana kare fuska daga ruwa. Su ma birkinsu yana bukatar nisa fiye da na rani.

Saboda haka keke yana bukatar farar fitila a gaba, ja a baya, da abin nan mai ƙyalli da ke maido hasken mota. Yanzu akwai ƙananan fitilu masu caji a kasuwa. Ka kunna su da magariba, da asuba, da duk lokacin da hadari ya rufe gari. Ka sa tufa mai haske, fara ko rawaya. Baƙar riga a jiƙaƙƙen titi da dare ba a ganinta sai an zo dab da ita.

Ka bi hannun dama, kada ka bi hanya a baibai don gudun ruwa ko laka. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da abin hawan da ke gabanka. Ka ji tsoron babbar mota. Direbanta yana zaune a sama ta hagu, ba ya ganin abin da ke dab da shi ta dama. Idan za ta sha kwana, ƙafafunta na baya suna matsowa ciki. Kada ka taɓa shiga tsakaninta da bakin hanya, kada kuma ka kama bayanta don ta ja ka.

Gyaran keke kafin damana

Ba a fafa gora ranar tafiya. Tun watan Mayu ka kai kekenka wurin mai gyara, a duba waɗannan abubuwa:

1. Robar birki. Idan ta cinye ko ta ƙeƙashe saboda rana, a sa sabuwa. Yashin damana yana cin roba da sauri, sai ka riƙa dubawa kowane mako. Birki biyu ake bukata, na gaba da na baya. Taka taya da takalmi ba birki ba ne.

2. Taya. Idan zanenta ya shafe, ko ta tsattsage, ko zare ya fito, a sake ta. Idan kuɗin taya ɗaya ke gare ka, ka sa mai kyau a gaba. Kada a cika iska har taya ta yi tauri kamar dutse, kada kuma a bar ta ba iska.

3. Zoben ƙarfe. Idan ya lanƙwashe, birki ba zai kama daidai ba. A miƙe shi. Ka riƙa goge shi da tsumma bayan ruwa. Kada mai ya taɓa shi ko ya taɓa robar birki.

4. Sarƙa. Ruwa yana wanke manta, ta yi tsatsa. Ka goge ta, ka ɗiga mata mai kaɗan.

5. Feda, sirdi da kan keke. A ɗaure su tamau. Fedar da ta rage sandar ƙarfe kawai tana zamar da ƙafa.

6. Ƙararrawa da fitila. Su kasance suna aiki.

Kuɗin robar birki bai kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya a asibiti ba.

Tufafi, kaya da yara

Hannu biyu ake riƙe keke da su. Wanda ya riƙe laima da hannu ɗaya, birki ɗaya ya rage masa, iska kuma tana iya fizgar laimar ta kayar da shi. Haka wanda ke amsa waya. Wanda ya rufa buhu ko leda a ka ba ya ganin gefe. Rigar ruwa ta fi, amma kada ta yi tsawon da za ta shiga ƙafar keke. A tattare babbar riga da zane da mayafi da hijabi, kada sarƙa ko wayoyin ƙafa su kama su. Jiƙaƙƙen silifa yana zamewa daga feda, takalmi mai maɗauri ya fi.

Raunin kai shi ya fi kashe masu keke. Bincike ya nuna hular kwano tana rage raunin kai da wajen rabi. Mun saba ganinta a kan masu babur kawai, amma kan mai keke ma kai ne. Wanda ya samu hali ya saya, ya kuma ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.

Kaya suna ƙara nisan tsayawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka 2 masu lita 25 kilo 50 ne, kamar ka goya mutum. Ranar ruwa ka rage kaya, ka raba nauyi daidai dama da hagu, ka ɗaure tamau, kada kaya su yi tsawo. Kada ka rataya kaya a kan keke inda hannu ke riƙewa.

Damana tana zuwa lokacin babban hutun makaranta, yara suna gida, suna aron keke. Iyaye, kada a aiki yaro da keke idan hadari ya haɗo. Kada a ba shi keken da ƙafarsa ba ta kai ƙasa. A hana goyon mutum biyu ko uku. Idan an goya ƙaramin yaro, a lura da ƙafarsa kada ta shiga cikin wayoyi.

Idan haɗari ya auku, me za a yi?

Da farko a tsayar da motoci, kada a sake taka wanda ya faɗi. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko ƴan sanda a lamba 17.

Idan mutum yana kukan wuya ko baya, ko ba ya iya motsa hannu ko ƙafa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗora shi bisa babur. A riƙe kansa kada ya motsa. Idan dole ne a kau da shi daga ruwa ko tsakiyar titi, mutum 3 ko 4 su ɗauke shi tare, kai da wuya da baya a miƙe. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi a hankali ya kwanta ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci.

Idan jini yana zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a riƙe minti 10 ba ɗagawa. Idan ƙyallen ya jiƙe, a ƙara wani a kansa.

Idan ƙujewa ce, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita duka, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ruwan titi yana gauraye da ƙazantar masai da kashin dabbobi. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki, ko baƙin mai, ko garin batir a kan rauni. A je gidan likita a tambayi allurar tetanos. Tetanos ciwo ne da ke shiga ta rauni mai datti, ya sarƙe haƙora, ya sandarar da jiki. Yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, kuma yana kisa. Idan rauni ya kumbura, ya yi ja, yana mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma likita.

Idan ana zaton karaya, a tallafe gaɓar da kwali ko sanda yadda take, kada a ja ta, a tafi asibiti a ɗauki hoto. Idan ƙashi ya huda fata, wannan aikin asibiti ne da gaggawa. Ɗaurin da ya matse ƙwarai yana hana jini gudu, har gaɓa ta ruɓe a yanke ta. Idan yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ba sa ji, a sassauta ɗauri, a garzaya likita.

Idan kai ya bugu, a sa wa mutum ido kwana 2, ko da ya tashi ya ce lafiyarsa lau. Jini yana iya tsiyaya a cikin kai sannu-sannu. Alamun da za su sa a kai shi asibiti nan take su ne: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa, farfaɗiya, mutuwar ɓarin jiki, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci. A fara da gidan likita mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku babban asibiti na Yamai, ko Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa.

Kowa da nasa aiki

Ba mai keke kaɗai ke da nauyi a wuyansa ba. Direbobi da masu kabu-kabu da masu adaidaita, ku rage gudu idan ana ruwa. Ku bar wa mai keke fili wajen wuce shi, aƙalla mita 1, domin yana iya kauce wa ramin da ku ba ku gani ba. Ku duba baya kafin ku buɗe ƙofa. Kada ku watsa wa mutane ruwa.

Mutanen unguwa, sharar da muke zubawa a magudana ita ce ke toshe ta, ruwa ya hau titi. Mu yi gayya mu yashe magudanu kafin ruwan farko. Idan ruwa ya haƙa rami ko marufi ya ɓace, mu sa alama, mu sanar da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari. Masu sayar da mai da masu gyaran babur su daina zubar da baƙin mai a hanya. Hukumar ANISER, mai kula da tsaron hanya a ƙasarmu, tana faɗakar da jama'a, amma ba za ta iya tsayawa a kowace mararraba ba.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai koyi karatu ba tukuna. A wurin yaƙi da jahilci kuma ku tattauna: ina ne ruwa ke kwanciya a unguwarku, wane wuri ne aka fi faɗuwa, kuma wa za ku gaya wa? Gobe da safe, kafin ka hau kekenka, ka matsa birkin gaba ka tura, ka matsa na baya ka tura. Idan ɗaya bai riƙe ba, ka fara biyawa wurin mai gyara.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.